Arzika da Ɗakin Irin Tururuwa

Can arewa, inda gonakin gero ke ƙarewa rairayi ya soma, akwai wani ƙauye da ake kira Tudun Aduwa. An yi wani zamani da sama ta riƙe ruwanta damina biyu a jere. Mutane suka cinye iri, suka koma kan dusa, dusa ta ƙare suka koma kan ganye. A lokacin ne tauraron wani mutum mai suna Arzika ya haska, don shi ya gaji tonon gidan tururuwa daga ubansa.

Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba zai yi wa sana'ar nan dariya. Tururuwa dai ba ta zaman banza. Duk kaka tana jan ƙwayar ciyawar sabe da garaji da geron da ya zube a gona, tana tarawa a ɗakuna ƙarƙashin ƙasa, har takan gutsure idon kowace ƙwaya don kada ta tsiro mata a ɗaki. Mai tono yakan gane gidan da ke da kaya ta ƙaiƙayin da ke zube a bakin rami. Sai ya sa dagi, ya kwashe ɗakunan sama, ya sheƙe a faifai. Amma akwai ɗaki guda can ƙasa mai rufin jar laka, wanda masu tono ke kira ɗakin iri. Shi ba a taɓa shi. In dagi ya kai kansa sai a janye, a mayar da ƙasa, a ce, "Mun ci, mun bar muku," a juya gida. Haka Arzika ya yi shekara da shekaru, yana tafe yana cika baki wai shi da tururuwa akwai amana. Bakinsa ya fi daginsa kaifi, wannan duk ƙauyen sun shaida, amma yana son matarsa Kuluwa so na gaskiya.

Kuluwa ta haihu da kwana goma sha biyu, nono ya ƙafe. Jaririyar ta yi kuka har ta daina, kuma shirun nan ya fi kukan tayar wa Arzika da hankali. Da safe ya ɗauki dagi da ƙwarya.

Kuluwa ta ɗago kai daga tabarma da ƙyar, ta ce, "Maigida, akwai sauran gidan da ba ka tone ba?"

Ya ce, "Saura na gindin tsohuwar aduwa. Shi na ajiye don rana irin ta yau."

Ta ce, "In ba ka samu ba, kada ka ji kunyar dawowa hannu wofi. Ka dawo dai."

Ya yi ta tono har hantsi. Ɗakin farko ƙaiƙayi, na biyu ƙaiƙayi, na uku ko ƙaiƙayin babu. Sai dagi ya taɓa jar laka. Ya ƙwanƙwasa, ya ji hatsi na motsi a ƙasa kamar a cikin buhu. Ya janye dagin, ya buɗe baki zai faɗi abin da ake faɗi, maganar ta maƙale. Ya zauna a bakin ramin yana kuka, babban mutum da gemu. Sannan ya miƙe ya ɗaga dagin da hannu biyu ya fasa rufin.

Farin gero ya bayyana, tsaba zalla. Bai kai ga cika tafin hannu ba ƙasa ta buɗe ta haɗiye shi.

Ya faɗo tsakiyar wani birni mai ginshiƙai na jar laka, rumbuna jere iya ganin ido. Ko shi ne ya ƙanƙance ko su ne suka girma, bai sani ba, ya dai ga tururuwa kamar jakuna sun kewaye shi, ba mai motsi. A gabansa wata ƙatuwa na kwance, tsawonta ya kai ɗaki uku, bayi na shafe mata jiki. Ita ce Magajiya, uwar gidan.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ɗan mai dagi, jikan mai dagi. Kakanka ya zo ƙofar nan ya juya. Ubanka ya zo ya juya. Kai me ya hana ka juyawa?"

Arzika ya zube ƙasa ya ce, "Ranki ya daɗe, mai jego na bari a gida, kwananta huɗu ba ta sa komai a baki ba sai ruwa."

Magajiya ta ce, "Ni ma mai jego ce. Dubi ƙarƙashin gwiwarka."

Ya duba. Ashe ɗakin iri ba hatsi kaɗai ke cikinsa ba, nan ake renon 'ya'ya. Ga su nan farare, masu taushi, rufin da ya fasa ya murƙushe su, yana durƙushe a kansu. Duk shekarun da ya yi yana tono, bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ake juyawa ba.

Magajiya ta ce, "Ba za ka koma ba, wannan an gama. Abin da ya rage maganar matarka ce. Mun saurari numfashinta ta ƙarƙashin tabarma, na kwana uku ne ya rage. In wani gida cikin danginmu na hamada ya karɓe ka ka zama nasa, 'ya'yana za su riƙa jan hatsi zuwa ƙofar ɗakinta kullum, har ta ci sabon gero. In duk suka ƙi ka, za ta mutu da abin da ta haifa."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ko a nan gidanki ne zan yi bauta."

Ta ce, "Wa zai ba ka tsaron rumbu?"

Aka haɗa shi da wata tsohuwar tururuwa mai ƙaho guda, ana ce mata Jakadiya. Ta sa shi gaba suka bi wata doguwar hanya ƙarƙashin ƙasa, suka ɓullo cikin hamada tsantsa, ba tsuntsu, ba sawun dabba.

Gidan farko wata farar ƙaya ce ita kaɗai a fili, ƙayoyinta duk a rarake, kowace ƙaya ɗaki ce ta cinnaku. Bishiyar na tsatso musu zaƙi a gindin ganye, su kuma in raƙumi ya miƙo leɓe sai su yi masa ca har ya gudu. Sarkin cinnaku ya leƙo daga ƙayarsa, Jakadiya ta gaya masa abin da ke tafe da su.

Ya ce, "Ɗan Adam, mu da haƙori muke biyan wurin kwana. Buɗe bakinka."

Arzika ya buɗe. Yunwa ta riga ta kumbura masa dasashi, haƙoran na girgiɗi. Sarkin ya dube su sau ɗaya ya koma ciki, ko sallama bai yi ba. Yini guda ya tafi a banza.

Kashegari suka shiga ƙasar da rairayi ke toya ƙwai. Nan 'Yan Azurfa suke, wasu tururuwa masu dogayen ƙafafu da gashi mai ƙyalli da ke mayar wa rana zafinta. Suna cushe a bakin raminsu suna jira. Shugabarsu ta yi magana da sauri, kamar mai tsoron kada kalma ta ƙone mata a baki.

Ta ce, "Saurara, baƙo, ba na maimaitawa. Mu ba ma shuka, ba ma tarawa. Muna jira rana ta take tsaka, ƙadangaren da ke cinmu ya gudu inuwa, sannan mu fita. Abin da rana ta kashe shi muke ci. Ka ƙirga takunka daga ƙofa, don babu alama a rairayi, ƙirgen nan shi ne hanyarka ta dawowa. Ka ɗauko gawa ka juyo. Wanda ya tsaya ya zama abincin gobe."

Rana ta take. Suka fashe kamar an watsa tsabar dawa a faranti. Arzika ya ari ta kare, yana ƙirga, tafin ƙafarsa na ɗayewa. Ya wuce busassun fari, ya wuce wani zomo, duk an riga shi. A taku na ɗari huɗu da wani abu ya yi tuntuɓe da wani abu mai tsumma a jiki. Ya juya shi. Barmo ne, maƙwabcinsa, wanda ya bar ƙauye wata guda da ya wuce yana cewa zai kai birni ya aiko wa iyalinsa da tsaba. Gorarsa na rataye a wuyansa, bakinta a buɗe.

Abin da ake so Arzika ya yi bai da wuya: ya kama ƙafar ya ja. Ya ma kama. Sai ya ga idon Barmo a buɗe, cike da rairayi. Hannunsa ya ƙi. Ya durƙusa ya rufe masa ido, ya juya fuskarsa gabas, ya shiga tura masa rairayi da hannu yana salati. Ko da ya ɗago, ƙirge ya ɓace masa, duk inda ya duba iri ɗaya. Ya yi taku kaɗan ya faɗi. Jakadiya ce ta fito da tsufanta ta ja shi a ƙeya har bakin rami.

Shugabar 'Yan Azurfa ta ce, "Ya sami nama ya binne shi. Ku kai shi wani gidan."

Da suka yi nisa Jakadiya ta ce, "Gawa ka zaɓa a kan matarka?"

Ya ce, "Inna, mun yi kiwo tare muna yara."

Ta ce, "Ku mutane kuna da wuyar ceto. Saura yini ɗaya."

Rana ta uku da sassafe wari ya tarye su tun kafin su ga komai. A wani busasshen kwari gwano suke, baƙaƙe wuluk, suna fita yaƙi a jere, kowa hancinsa a bayan na gabansa. Ba sa cin komai sai gara. Madawakinsu ya dubi Arzika sama da ƙasa.

Ya ce, "Muna da doka guda, ɗan Adam. Wanda aka yi wa rauni kaɗan muna goya shi zuwa gida, mu lashe raunin ya warke. Wanda rauninsa ya yi yawa, shi da kansa yake ture mai ɗauka ya ce a tafi. Ba a tilasta wa kowa. Kowa ya san lokacinsa."

Arzika ya ce ya ji ya yarda. Ai baki bai taɓa yi masa wuya ba.

Suka fasa wani suri mai tsawon rimi. Zago, sojojin gara masu jajayen kai, suka fito, aka gwabza. Arzika ya yi ta maza, ba zan rage masa ba, da dutse ya fasa kan uku. Na huɗu ya kama shi a cinya ya datse har ƙashi. Aka busa komawa. Wani matashin gwano ya zo ya shinshina raunin, ya tsaya yana jira, don ya ga irin raunin da mai shi ke cewa a tafi ne. Arzika ya san haka sarai. Amma fuskar Kuluwa ce a idonsa, sai ya ƙanƙame wuyan gwanon yana ihu a ɗauke shi. Gwanon bai yi musu ba, ya goya shi. Nauyi ya sa suka zama na ƙarshe a jeri, zago suka cim musu a bakin kwari, suka tsinke wa mai goyon ƙafafu biyu. Da jan ciki ya kai Arzika ƙofa, ya sauke shi, ya ture masu zuwa lasarsa, ya juya fuska ga bango ya mutu.

Madawaki ya ce, "Jiya an ce ka tsaya wa matacce. Yau ka kashe mai rai don ka rayu. Ban san irin halittar da kake ba, amma ba tamu ba ce."

Jakadiya ta ɗora shi a bayanta, jini na bin ƙafarsa. Suka yi ta tafiya har rana ta karkata. Can ya ce, "Inna, gidaje sun ƙare?"

Ta ce, "Saura ɗaya. Ban so na kai ka ba. Su ba su taɓa ƙin kowa ba."

Suka gangara wani rami mai zurfi ƙarƙashin dutse, inda sanyi yake kamar cikin randa. Gidan shazumamu ke nan. Arzika ya ɗaga kai ya ga rufin ɗakin cike da wasu abubuwa masu ɗaukar ido, ja da ruwan zuma, rataye kamar tuluna. Ya ɗauka tulunan ne, sai ɗaya ta juyo da ƙanƙanin kai ta dube shi. Masu rai ne. Cikinsu ne ya kumbura da zuma har ƙafafunsu suka zama kamar zare a jikin ƙwarya.

Wadda ta fi su tsufa ta yi magana daga sama, a hankali. "Sannu da zuwa, mai rauni. A ƙasarmu furanni kwana bakwai suke yi a shekara. Zuma ba ta zama a laka, ba ta zama a dutse, sai a cikin mai rai. Saboda haka wasunmu ke hawa nan. Ana ɗura mana a kwanakin yalwa, a kwanakin tsanani mai jin yunwa ya zo ya ƙwanƙwasa, mu buɗe baki mu ba shi. Ba ma buƙatar haƙorinka, ko gudunka, ko ƙafarka."

Arzika ya ce, "Ranki ya daɗe, har yaushe ake rataya?"

Ta ce, "Ka dubi ƙofar da ka shigo, ka dubi cikina."

Ya duba. Ƙofar ko rabin cikinta ba za ta wuce ba.

Ya ce, "Ana mutuwa?"

Ta ce, "Ba da wuri ba. Ana kula da mu ƙwarai."

Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a bakin zago. Ya so a ce kisa ne. Ya juya ga Jakadiya ya ce, "In na hau yanzu, yaushe hatsin zai isa?"

Ta ce, "'Ya'yanmu na tsaye da kaya a ka tun shekaranjiya. Kafin ta farka gobe yana ƙofarta."

Ya ce, "To, ku ɗaga ni."

Suka ɗaga shi, ya kama rufi da hannu biyu, suka liƙe yatsunsa da ƙaro. Aka shiga ɗura masa. Mutumin da ya yi wata uku bai ƙoshi ba, ranar ya ƙoshi har ya roƙi a bari, ba a bari ba. Fatar cikinsa ta miƙe ta yi sheƙi har ana ganin zumar ta ciki.

Kashegari Jakadiya ta dawo. Tun tana ƙofa ya ce, "Ta ci?"

Ta ce, "Ta ci. Ta tarar da tsibin gero a bakin ƙofa, ta ɗauka wani mai tsoron Allah ne ke mata sadaka a ɓoye. Da rarrafe ta kai shi turmi."

Haka aka yi ta yi. Kullum shazumamu na zuwa su ƙwanƙwasa, ya buɗe baki ya ba su. Kullum Jakadiya na zuwa, tambayarsa ɗaya, amsarta ɗaya, sai ɗan abin da ta ƙara. Nono ya dawo. Jaririya ta yi kuka har maƙwabta sun ji. Mutanen ƙauye sun tarar da ramin gindin aduwa ya rufta, sun ce ƙasa ta danne shi, liman ya yi addu'a, Kuluwa ta shiga takaba. Wannan labarin ya yi masa ciwo, ya yi kwana biyu ba ya magana, amma ko a kwanakin bai fasa tambayar ko ta ci ba. Sannan hadari ya haɗu, ruwa ya sauka. Dangi suka taya ta shuka da irin da ta rage daga tsibin ƙofa. Yarinya ta fara zama. Gero ya yi kai.

Wata rana Jakadiya ta makara. Da ta shigo, jan jiki take, gefenta guda a ƙone, ƙaurin toka na tashi daga gare ta.

Ya ce, "Ta ci?"

Ta ce, "Yau ba ta ɗauka ba."

Ya ce, "Ta mutu ke nan."

Jakadiya ta ce, "Lafiyarta ƙalau. Jiya aka kai mata girbi gida, rumbunta ya cika har baki. Yau ta yi sammako don ta duba shi, sai ta ci karo da jerinmu a tsakar gida, muna kawo kayan ƙarshe. Ba ta taɓa ganinmu ba sai yau. Ta zaci sabon geronta muka zo ɗiba. Ta kwaso toka mai zafi daga murhu ta bi jerin da ita tun daga ƙofa har bayan danga. Cikin waɗanda muka tafi, ni kaɗai na dawo."



Ta ƙara da cewa, "Magajiya ba ta yi fushi ba. Ta ce kowace uwa haka za ta yi wa rumbunta. Amma alkawari ya cika, an toshe hanyar gidanku. Ni ma ba na jin zan ƙara ganin wata safiya."

Ya ce, "To wa zai riƙa kawo mini labarinta?"

Ta ce, "Babu."

Sauran tulunan suka kau da kai. Hawaye ya gangaro masa, ba hannun sharewa. Can ya ce, "Inna, gaya mini abu ɗaya. Da ta ɗauko tokar, yaya ta ɗauko ta?"

Jakadiya ta ce, "A babban kasko, da hannu guda. Yarinyar na goye a bayanta, ga ta da gudu."

Arzika ya ce, "Da hannu guda. Alhamdu lillahi."

Wata 'yar shazumamu mai jin yunwa ta hau bango ta zo ta ƙwanƙwasa masa. Ya buɗe baki ya ba ta.